Makamashin Nukiliya: Dalilin da Ya Sa Amurka Ta Kasa Rabuwa da Rasha Cikin Hanzari

A ranar 13 ga watan Mayun 2024 ne shugaban Amurka na wancan lokaci, Joe Biden, ya rattaba hannu kan dokar da ta haramta shigar da ingantaccen yuraniyom daga Rasha zuwa ƙasarsa. Dokar ta fara aiki a watan Agusta na shekarar, kuma an tsara za ta ci gaba har ƙarshen 2040. Amma a cikinta an bar wata ƙofa a buɗe da gangan. Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar tana da ikon ɗaga wa kamfani ƙafa ya ci gaba da sayen kayan Rasha har zuwa ƙarshen 2027, matuƙar an tabbatar babu wani wurin da za a samo makamashin da ake buƙata.

Wannan ƙofa ta fi dokar kanta bayyana halin da Amurka take ciki. Tun a watan Maris na 2022, kimanin mako biyu bayan dakarun Rasha sun kutsa Yukiren, gwamnatin Amurka ta hana shigo da ɗanyen mai da iskar gas da kwal daga Rasha. Yuraniyom kuwa sai da aka yi fiye da shekara biyu kafin a taɓa shi, kuma da aka tashi taɓa shi ɗin ma a hankali aka yi, tare da sassauci na shekara uku da 'yan watanni.

Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawan tukwanen nukiliya, wato manyan na'urorin da makamashin ke ba da zafi a cikinsu har a samu tururin da ke juya injinan lantarki. Tana da fiye da 90, kuma su ne ke ba ta kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da take sha. A shekarun da suka gabaci dokar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin inganta yuraniyom da waɗannan tukwane ke buƙata Rasha ce take yin sa. Idan aka buga lissafi, a ƙiyasce kwan fitila ɗaya cikin kowane ashirin a gidajen Amurka yana ci ne da makamashin da ya bi ta masana'antun Rasha. Abin mamakin shi ne, ita Amurkar ce ta fara inganta yuraniyom mai yawa a duniya, a garin Oak Ridge, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga dutse zuwa sandar makamashi

Kafin a gane inda gizo ke saƙar, sai an san cewa yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa ba ya shiga irin tukwanen Amurka kai tsaye, kamar yadda gero ba ya tashi daga gona ya zama tuwo sai ya bi ta sussuka da sheƙa da surfe da niƙa.

Da farko ana haƙo dutsen, a niƙe shi, a wanke shi da sinadarai, a fitar da wani gari wanda aka fi sani da launin rawaya. Wannan garin shi ne abin da ƙasashe irin su Kazakistan da Kanada da Namibiya da Ostireliya da Nijar ke sayarwa. Kazakistan ita kaɗai tana fitar da kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa. Daga nan sai a kai garin wata masana'anta a haɗa shi da sinadarin fulorin, ya koma wani abu da ke rikiɗa ya zama iska idan aka ɗan ɗumama shi. Manyan masana'antun da ke wannan aiki ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba: suna Rasha da Sin da Faransa da Kanada, sai guda ɗaya tak a Amurka.

Mataki na uku, wanda ake kira ingantawa, shi ne mai wuya. Yuraniyom na ƙasa iri biyu ne a gauraye, mai lamba 238 da mai lamba 235. Na biyun ne ke tsagewa cikin sauƙi ya ba da zafi, amma a cikin kowane ƙwayoyi 1,000 bakwai ne kawai nasa, wato kashi 0.7 cikin 100. Tukunyar lantarki tana buƙatar a ɗaga shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Makamin ƙare-dangi kuwa yana buƙatar kimanin kashi 90. Babu wani sinadari da zai raba irin biyun, domin halinsu ɗaya ne. Bambancinsu kawai nauyi ne, shi ma ɗan kaɗan, bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100 ba.

Saboda haka ake zuba iskar a cikin wasu dogayen bututu masu juyawa kamar katantanwa, sau dubbai a cikin minti ɗaya. Mai nauyin sai ya matsa gefe, marar nauyin ya fi taruwa a tsakiya. Abin da bututu guda yake rabawa bai taka kara ya karya ba, don haka sai an jera dubbansu, wannan yana miƙa wa wancan, suna juyawa dare da rana shekara da shekaru ba tare da an kashe su ba. Na'urar juyin da ke yin makamashin lantarki ita ce kuma ke iya yin na bam idan aka sauya jerin, shi ya sa ake ɓoye fasaharta, kuma a kanta ne aka daɗe ana takun-saƙa da Iran.

Mataki na ƙarshe shi ne a mayar da iskar gari, a matse shi ya zama 'yan ƙananan dunƙule, a jera su cikin sandunan ƙarfe. Wannan kam Amurka tana yin abinta a gida.

Kasuwar ingantawa kusan duka tana hannun kamfanoni huɗu: Rosatom na gwamnatin Rasha, wanda ke da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙarfin duniya, Urenco na haɗin gwiwar Birtaniya da Holan da Jamus, kamfanin nukiliya na gwamnatin Sin, sai Orano na Faransa. Babu na Amurka a cikinsu.

Yadda aka saki reshe

Har zuwa shekarun 1970, Amurka ce ke inganta yuraniyom ga kusan duk ƙasashen da ba na kwaminisanci ba. Tana da manyan masana'antu uku na gwamnati, a Oak Ridge ta jihar Tennessee, da Paducah ta jihar Kentucky, da Piketon ta jihar Ohio. Sai dai dukkansu tsohuwar hanya suke bi, wadda ta yi kama da tankaɗe: a tura iskar da ƙarfi ta cikin wata rariya mai ƙananan ƙofofi, a maimaita fiye da sau dubu. Wannan hanya tana cin wutar da ta ninka ta na'urar juyi kusan sau 50. Masana'antar Paducah ita kaɗai, idan tana cikakken aiki, tana iya shan kimanin megawat 3,000. Mai karatu zai fi gane girman adadin idan ya tuna cewa abin da babban layin lantarki na Najeriya ke rabawa ƙasa baki ɗaya galibi tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000.

Tarayyar Sobiyet ta koma amfani da na'urar juyi tun a shekarun 1960. Turawan Yamma uku sun bi sahu bayan yarjejeniyar da ta haifi Urenco a 1970. Ita ma Amurka ta fara gina tata masana'antar juyin a Piketon, amma a 1985 ta dakatar da aikin bayan ta kashe biliyoyin daloli, ta ce za ta tsallaka zuwa wata sabuwar fasaha ta raba yuraniyom da hasken lesa. A 1999 aka yi watsi da ita ma. A nan ne aka saki reshe aka kama ganye, ƙasar ta shiga sabon ƙarni da injinan shekarun 1950.

Sannan sai ga wata garaɓasa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, duniya ta shiga fargabar inda tarin makamanta za su faɗa, ga masana kimiyya da ba a biyan su albashi, ga rumbunan da tsaronsu ya yi rauni. A watan Fabrairun 1993 Amurka da Rasha suka ƙulla yarjejeniya: Rasha za ta kwance tan 500 na yuraniyom mai ƙarfin bam, kwatankwacin kawunan makamai 20,000, ta surka shi har ya sauko zuwa ƙarfin makamashin lantarki, Amurka kuma ta saya. An yi shekara 20 ana wannan ciniki, kaya na ƙarshe ya isa Amurka a watan Disambar 2013. A tsawon lokacin, kusan rabin makamashin tashoshin nukiliyar Amurka daga nan yake zuwa, wato kimanin kashi 10 cikin 100 na dukkan lantarkin ƙasar.

Da wuya a samu mai adalci da zai kushe wannan yarjejeniya. Makaman da aka ƙera domin su ƙone biranen Amurka su ne suka koma suna haskaka su. Amma ta bar tabo a masana'antun cikin gida. Kamfanin da gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a 1998 domin ya riƙa gudanar da aikin ingantawa, mai suna USEC, shi ne kuma aka ba dillancin kayan Rasha. Sayowa da sayarwa ya fi masa riba a kan biyan kuɗin wutar tsofaffin injina. An daina aiki a Piketon a 2001.

Hatsarin tashar Fukushima a Japan a watan Maris na 2011 ya ƙarasa abin da ya rage. Japan ta kashe tukwanenta, Jamus ta yanke shawarar fita daga harkar gaba ɗaya, kaya ya yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi warwas. An rufe Paducah a watan Mayun 2013. USEC ya durƙushe a 2014, ya sake tasowa da sunan Centrus, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne ci gaba da dillancin makamashin Rasha ƙarƙashin sabuwar kwangilar kasuwanci. Masana'antar nan guda ɗaya mai haɗa gari da fulorin, wadda ke garin Metropolis a jihar Illinois, ta tsayar da aiki a 2017. Ma'adinan da a 1980 suka fitar da kusan tan 20,000 na garin yuraniyom, a 2023 abin da suka fitar bai kai tan 25 ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya zama wauta a ranar da aka ɗauke shi. Kowane kamfanin lantarki ya sayi abin da ya fi araha ne. Mu a nan mun san makamancin wannan lissafi, domin mun ga yadda ƙasa mai haƙo ɗanyen mai ta shafe shekaru tana shigo da fetur daga waje, matatunta suna kwance.

Abin da ya rage a hannu

A yau masana'anta ɗaya ce ke inganta yuraniyom mai yawa domin kasuwa a cikin Amurka. Tana garin Eunice a jihar New Mexico, ta fara aiki a 2010, kuma tana iya biyan kimanin kashi ɗaya cikin uku na buƙatar ƙasar. Amma ta Urenco ce. Ƙasar da take kai ta Amurka ce, fasahar da ke ciki ta Turawa ce, kuma yarjejeniya ta hana a yi amfani da abin da take fitarwa a ayyukan soja. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ƙasar da jiragen ruwanta na yaƙi masu tafiya da nukiliya suke ci daga tsohuwar ajiya tun da ta daina yin yuraniyom mai ƙarfin gaske a 1992.

Akwai kuma wata buƙata ta daban. Yawancin sababbin ƙananan tukwanen da kamfanoni ke zanawa suna buƙatar makamashi mai matsakaicin ƙarfi, wanda ya haura kashi 5 amma bai kai kashi 20 ba, ana kiran sa HALEU a taƙaice. Lokacin da yaƙin Yukiren ya ɓarke, Rasha ce kaɗai ke sayar da shi a kasuwa. Kamfanin TerraPower na attajirin nan Bill Gates, wanda ke gina sabuwar tasha a garin Kemmerer na jihar Wyoming, ya sanar a watan Disambar 2022 cewa aikin zai yi jinkiri na aƙalla shekara biyu, saboda makamashin zubin farko daga Rasha aka yi niyyar kawo shi.

Amsar Amurka ta farko ga wannan ta fito ne daga Piketon, inda Centrus ya kunna na'urorin juyi ƙirar gida a watan Oktoban 2023. Guda 16 ne. A watan da ya biyo baya suka miƙa wa gwamnati kilo 20 na farko, kuma zuwa tsakiyar 2025 sun cika kilo 900. An yi murna da hakan, kuma ya cancanci murna, domin shi ne karon farko cikin shekaru da dama da aka fara sabon aikin ingantawa da fasahar Amurka. Amma sabuwar tukunya guda tana buƙatar tan da yawa a zubin farko kawai.

Abin da ya sa kuɗi kaɗai bai isa ba

Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala biliyan 2.7 a 2024 domin farfaɗo da ingantawa, ban da dala miliyan 700 da aka ware tun 2022 domin makamashi mai matsakaicin ƙarfi. Sai dai an ɗaure kuɗin da sharaɗi: ba za a sake su ba sai an hana shigo da kayan Rasha.

Hikimar sharaɗin tana cikin halin kasuwar. Masana'antar ingantawa tana cin biliyoyin daloli da shekaru kafin ta fitar da kilo ɗaya, kuma idan aka kunna na'urorin ba a son kashe su. Mai zuba jari ba zai taɓa aljihunsa ba idan yana tsoron cewa da zarar an yi sulhu a Yukiren, kayan Rasha masu araha za su dawo su karya masa farashi, kamar yadda ya faru da waɗanda suka gabace shi. Su kuma kamfanonin lantarki ba sa son ƙulla doguwar kwangila da masana'antar da ba a gina ba. Don haka ranar da ta fi muhimmanci a cikin dokar ita ce ƙarshen 2040, domin alkawari ne ga masu jari cewa kasuwar tasu ce har tsawon shekara 16. Ko wata majalisa ta gaba za ta riƙe alkawarin idan farashin wuta ya fara cizo, wannan ita ce cacar da kowane mai gini yake bugawa.

An dai fara motsi. Masana'antar Metropolis ta koma aiki a 2023. Urenco yana ƙara wa ta Eunice kimanin kashi 15 cikin 100 tsakanin 2025 da 2027. A watan Satumbar 2024 Orano ya zaɓi Oak Ridge domin gina sabuwar babbar masana'anta, wadda ba a sa ran za ta fara aiki kafin farkon shekarun 2030 ba. A Paducah ma wasu kamfanoni sun nemi fili, ciki har da wanda ke son gwada hasken lesa, dangin fasahar da aka jingine a 1999. An sake buɗe wasu ma'adinai a jihohin yamma da Texas.

Matsalar tana tsakanin ranaku biyu. Sassaucin sayen kayan Rasha zai ƙare a ƙarshen 2027, manyan sababbin masana'antu kuwa sai bayan 2030. Ana neman lasisi daga hukumar da ke sa ido kan nukiliya, ana gini, ana ƙera na'urorin juyi ɗaya bayan ɗaya, ana horar da ma'aikata a sana'ar da ƙwararrunta da yawa suka yi ritaya. Kamfanonin lantarki suna fatan cike giɓin da ajiyar da suka tara da kuma ƙarin kaya daga Turai. Farashin aikin ingantawa a kasuwa ya ninka kusan sau uku idan aka kwatanta da yadda yake kafin yaƙin.

Rasha ma ta nuna cewa igiyar tana da baki biyu. A tsakiyar watan Nuwamban 2024 gwamnatinta ta sanar da taƙaita fitar da ingantaccen yuraniyom zuwa Amurka, sai da izini na musamman. An ci gaba da ba da izinin, jiragen ruwa sun ci gaba da zuwa, amma saƙon ya isa.

A lokaci guda buƙata tana ƙaruwa. A watan Mayun 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan umarnin da ke neman ninka ƙarfin nukiliyar ƙasar sau huɗu kafin 2050. Manyan kamfanonin fasaha suna neman wuta marar yankewa domin rumbunan kwamfutocinsu, har Microsoft ya ƙulla yarjejeniya a 2024 domin a sake tayar da tukunya guda da aka rufe a tashar Three Mile Island. Kowace tukunya da aka ƙara baki ne da ke jiran abinci daga wannan ƙaramar kasuwa.

Turai ma tana cikin irin wannan hali, shi ya sa ta daɗe tana jan ƙafa wajen sanya wa makamashin nukiliyar Rasha takunkumi. A gabashinta akwai tukwane ƙirar Sobiyet waɗanda sandunansu ke da siffa ta daban, kuma an daɗe Rasha ce kaɗai ke yin su. Yukiren da Bulgeriya sun fara amfani da waɗanda Westinghouse ke ƙerawa a Suwidin. Hangari kuwa ta ci gaba da hulɗa da Rosatom. Faransa tana faɗaɗa masana'antarta ta Tricastin da kimanin kashi 30 cikin 100.

Inda zancen ya taɓo mu

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, kuma a 2021 da 2022 ƙasar ta samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen yuraniyom da Tarayyar Turai ta saya. Gwamnatin soja ta karɓe lasisin Imouraren daga Orano a watan Yunin 2024, ta kuma mayar da kamfanin Somaïr mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Duk da haka, abin da ke fita daga Arlit garin nan ne na matakin farko. Kafin ya kunna fitila ko ɗaya, sai ya bi ta masana'antar fulorin da ta na'urar juyi, kuma Nijar ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya saya, ɗaya daga cikin waɗancan ƙasashe ƙalilan zai kai wa.

Najeriya tana da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Da makamashi mai ƙarfin kashi 90 ta zo daga Sin. A 2018 aka sauya mata da mai ƙarfin kashi 13, aka mayar da tsohon can, sabon ma daga can aka kawo shi. A 2017 kuma ƙasar ta sanya hannu kan yarjejeniya da Rosatom game da gina tashar lantarki ta nukiliya, ko da yake ba a fara ginin ba. Tsarin da kamfanin ya saba bi ana iya ganin sa a Masar, inda yake gina tukwane huɗu a El Dabaa: shi ne mai gini, gwamnatinsa ce mai ba da mafi yawan rancen, kuma shi ne zai riƙa kawo makamashin na tsawon shekara 60.

Hanyar da Amurka ke bi a yanzu, wato ta gina nata, a rufe take ga mafi yawan ƙasashe. Kuɗin ya fi ƙarfin mai tukunya ɗaya ko biyu, kuma duk ƙasar da ta fara neman na'urar juyi, nan take za a fara tambayar me take nufi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rubuta a yarjejeniyarta da Amurka ta 2009 cewa ba za ta taɓa inganta yuraniyom ba, kafin Koriya ta Kudu ta gina mata tashar Barakah. Abin da aka tanada wa irin waɗannan ƙasashe idan aka datse musu hanya saboda siyasa shi ne wani rumbu da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta buɗe a Kazakistan, wanda ya fara aiki a 2019. A cikinsa akwai tan 90 na ingantaccen yuraniyom, adadin da zai cika babbar tukunya guda ɗaya, sau ɗaya.